Sabulun Lantana Ba Ya Kumfa

A Makarfi idan ka ce gidan Lantana kake nema, sai an tambaye ka wacce, don masu sunan suna da dama. Amma ka ce Lantana Mai Sabulu, ko ɗan acaɓan da ya shigo garin jiya zai sauke ka a ƙofar gidanta yana danne dariya. Matar nan kuwa ba ta taɓa sayar da ko gutsuren sabulu ba. Girki ne sana'arta. Sunan ya manne mata ne tun wata Alhamis ta lokacin sanyi, ranar da ta wanke wa mijinta rigar Juma'a da abinci.

Ƙaninta Ɗayyabu ne ya jawo. Direban babbar mota ne, yana kwasar tumatir da tattasai daga Kudan da Ikara ya kai Legas, kuma bai taɓa dawowa bai riƙo wa yayarsa tsaraba ba. Ran nan ya biyo a gurguje, ko motar bai kashe ba, ya miƙo leda daga zaure ya ce, "Yaya, ga wannan, in na dawo na yi miki bayani!" Kafin ta ce Allah ya kiyaye hanya, ya yi gaba.

Ta zazzage ledar a tabarma. Ga burodi, ga ayaba, can ƙasa kuma ga wasu curi-curi farare sol masu kusurwa huɗu, kowanne a naɗe cikin farar leda. Kwalayensu sun jiƙe a hanya, Ɗayyabu ya yage su ya yar, don haka babu rubutu babu hoto. Ta ƙwanƙwasa ɗaya da farce, ta ji tauri. Ta kai hanci, ƙamshin kwakwa ya dake ta.

"Oh ni Lantana," ta ce. "Mutanen Kudu ba dama. Har sabulu sai sun sa masa ƙamshin abin ci."

Sabulu irin wannan ai ba na wanke-wanke ba ne. Ta buɗe akwati ta ɗauko abin da ya fi komai daraja a gidan: farar babbar rigar maigidanta mai aikin aska biyu, wadda marigayi mahaifinsa ya yi wa aikin da hannunsa. Ta sirka ruwa da ɗumi saboda sanyi, ta tsoma rigar, ta kama gogawa. Sabulu ya ƙi kumfa. Ta ƙara ƙaimi, sai narkewa yake yi yana mai da ruwan fari kamar madara. Da wata ce, da ta tsaya ta yi tunani. Lantana sai ta gyaɗa kai ta ce, "Na masu kuɗi ke nan. Ba ya hayaniya." Sai da ta ƙarar da curi guda a jikin rigar, sa'an nan ta ɗauraye sama-sama don kada ƙamshin ya tafi. Ta shanya, ta ninke, ta ɗora a kan akwati.

Kiyashin Makarfi kuwa a cikin rake da mazarƙwaila suka tashi, sun fi kowa sanin abinci in sun ji shi. Kafin gari ya waye sun tare a cikin ninkin rigar, da 'ya'yansu da jikokinsu.

Mijin nata sunansa na yanka Usmanu, amma ba mai kiransa da shi. Mailafiya ake ce masa, don ba wanda zai ce ga ranar da ya ga fushinsa. Ranar Juma'a ya zura rigarsa, ya shaƙi ƙamshi, ya tafi masallaci da wuri har ya samu sahun gaba. Liman na hawa mumbari, ɗumin jiki ya tashi baƙin da ke cikin rigar. Ana huɗuba kuwa ba a magana, ba a yawan motsi. Mailafiya ya ɗaga kafaɗar dama, ya ɗaga ta hagu, ya cije leɓe, ya lumshe ido kamar wanda wa'azi ya ratsa. Maƙwabcinsa Ya'u, wanda suke sana'ar mazarƙwaila tare, yana zaune a gefensa, sai ya ga kiyashi sun jeru suna bin zanen aikin rigar tiryan-tiryan, ba mai wuce wani. Ya'u ya sha rantsewa daga baya cewa dariyar da ya riƙe a ranar ita ta bar masa ciwon haƙarƙari.

Ana sallamewa Mailafiya ya fice, ya tuɓe rigar a bakin titi ya kama kakkaɓa. Wata akuya ta ji ƙamshi ta biyo shi. Haka ya iso gida daga shi sai 'yar ciki, riga a hammata, akuya a baya tana jan gefenta. Lantana tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta dube shi, ta dubi akuyar, sai ta saki rariya ta fashe da dariya, har ta kwanta a tabarma tana riƙe ciki.

Dariyar nan ita ce kuskuren, ba wankin ba.

Sai an san yadda mutanen biyu suke kafin a gane nauyin abin da ya biyo baya. Lantana 'yar Taba ce ta ƙasar Kudan. Mahaifiyarta ce ke riƙe ludayin kowane biki a ƙauyensu, ita kuma a gindin murhu ta yi wayo. Tun ba ta iya ɗaura zane da kyau ba take gane miya ta nuna daga jin ƙarar tafasarta. Mailafiya ɗan kawunta ne, wato taubashinta ne tun kafin ya zama mijinta, kuma aure bai sa sun ajiye wasan ba. Sun aurar da 'ya'ya, sun ga jikoki, amma ba su gama gardamar wane ne bawan wani ba. Ita tana ce masa Tsoho. Shi yana ce mata 'Yar Ƙauye, kai ka ce daga Makkah aka sauko da shi.

Kuma tun ranar da ta fara ɗora masa tukunya bai taɓa yabon girkinta ba, ko da wasa. Sai ya cinye tuwo, ya suɗe kwano, ya lashe yatsu, sa'an nan ya ce, "Gishiri ya yi yawa." Ko ya ce, "Wannan miyar, an dai nuna wa ruwa kuka daga nesa." Ita kuma ta ce, "Shi ya sa ka bar min kwanon ba sai na wanke ba." A wajen Lantana kushen nan shi ne ma'auni. In ya yi ƙorafi ɗaya, abinci ya yi. In ya yi biyu, ranar ta ƙure adaka. Mutanen gari suna ta yabon hannunta a bukukuwa, ana ɗaukarta har Ikara girkin ɗaurin aure, amma duk yabon nan bai kai mata "gishiri ya yi yawa" ɗin Tsoho ba.

To ranar Juma'ar nan da yamma ta kai masa tuwo, kwano ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba. Washegari ma haka. Ta je ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta ce wallahi ita sabulu ta ɗauka, dariyar kuma kubce mata ta yi.

Ya ce, "Ba komai, Malama Lantana. An gode."

Malama Lantana! Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya koma shan shayi da burodi a tasha. A gari an fara ce masa Angon Kiyashi, rigar mahaifinsa kuma ga ta nan da tabon maiƙo gaba da baya. Lantana ta sake wanke ta da ruwan zafi da sabulu na gaske, mai kumfa har gwiwar hannu, ta fita fes, ta rataye ta inda zai gani. Ya wuce kamar bai san da ita ba. Miji ya ƙaurace wa kwanon matarsa ba ƙaramin abu ba ne. Maƙwabta ma suna lura da kwanon da ya fita da nauyi ya dawo da nauyi. Lantana ta daina waƙa a madafi. Aka kira ta girkin wani suna, ta zabga gishiri da gaske, ba mai ƙarfin halin da zai gaya mata.

Ana cikin haka Ɗayyabu ya dawo daga tafiya. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi hanya an tambayi gida, sai ya ce, "Yaya, kin gwada abin nan kuwa?"

"Na gwada."

"Yaya kika ji shi?"

"Ba ya kumfa."

Ɗayyabu ya zaro ido. "Kumfa kuma? Yaya, me kika yi da shi?"

Ta gaya masa. Kafin ta kai kan akuya ya dafa rumbu yana neman numfashi, hawaye shaɓe-shaɓe. Ta jefe shi da mafici. "Kai ka kusa kashe min aure, sa'an nan kana min dariya?"

Da ya samu kansa ya yi mata bayanin da ya kamata ya yi tun a zaure. Kwakwa ce zalla. Farin cikinta ake niƙawa lukwi har da man, a zuba a mazubi ta daskare. A wajen wata mai abinci da yake ci a Legas ya gani: a yanki kaɗan a jefa a ruwan zafi, nan take ya narke ya zama madarar kwakwa, ba fasawa, ba gogawa, ba tacewa. "Da lokacin zafi na kawo miki, da kin gan shi da laushi, ba ki yi masa kallon sabulu ba. Sanyi ne ya cuce ki."

"Kai ka cuce ni da ka yar da kwalin."

Ta ɗauko curi ɗaya ta ɓanɓari gefe, ta sa a baki tana harararsa. Sai hararar ta fara saki. Ta juya shi a harshe, ta dubi murhu, ta dubi buhun shinkafa. Duk wanda ya san Lantana ya san kallon nan.

Gwajin farko ta zuba da yawa, shinkafar ta fito da nauyi, cokali biyu ka ji kamar ka ci rago. Na biyu ta bar wuta da ƙarfi, ya kama a gindin tukunya. Daga nan ta gane halinsa: ba ya son gaggawa, ba ya son wuta mai harshe, sai garwashi, kuma ba sa shiri da daddawa ko kaɗan. Ta soya albasa, ta jajjaga tattasai da attaruhu da ɗanyar citta, ta gyara busasshen kifi, ta narkar da kwakwar a ruwan zafi ta dafa shinkafar a ciki. Da ta buɗe murfi a karo na gaba, ita kanta sai da ta ce, "Allah sarki, kiyashi, ashe kuna da gaskiya."

Sai dai girki ba ya ci da kansa, mai cin kuwa ya ƙi kallon kwanonta.

A lokacin matsar rake maza ba sa dawowa gida cin rana. Kowane gida na aika kwano can rumfar mazarƙwaila a bakin fadama, a haɗa wuri ɗaya a yi ciyayya. Kowa ya san kwanon gidan kowa, don mata suna ɗiga wa nasu fenti a murfi saboda kada ya ɓace a biki. Na Lantana ja ne. Na Safiyatu matar Ya'u shuɗi. Tun ranar Juma'ar nan, in aka jera kwanuka, hannun Mailafiya sai ya tsallake mai ja kamar an kafa masa ƙaya.

Lantana ta yafa mayafi ta shiga gidan Safiyatu. "Ƙawata, aron kwano na zo."

"Ke da kwanukanki suka fi na 'yan koli yawa?"

"Ba kwanon nake so ba. Shuɗin nake so."

Safiyatu ta dube ta, ta gane, ta tafa hannu. "Lantana, ba ki da dama! To ni kuma ɗanwakena fa?"

"Ki zuba a nawa."

"Wato yau nawa ne zai sha wulaƙanci ke nan."

"Ki yi haƙuri, na rana ɗaya ne. Ni na sha na kwanaki."

Ɗayyabu aka ɗora wa kai kwanukan, a matsayin tarar laifinsa, aka kuma ce kada ya dawo sai da labari.

Ya isa ana kashe injin matsa. Ruwan rake na tafasa a manyan kasake, tururi mai zaƙi ya cika rumfar. Maza suka wanke hannu suka zagaye kwanuka. Mailafiya, kamar kullum, ya tura mai ja gefe, ya jawo mai shuɗi ya buɗe. Ya ɗan tsaya, ya murtuke fuska.

"Kamar na san ƙamshin nan."

"Tururin rake ne ya cika maka hanci," in ji Ɗayyabu, yana kallon wani wuri.

Mutumin da ya daɗe a kan shayi da burodi ba ya doguwar tuhuma. Mailafiya ya kai loma. Ya kai ta biyu. Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga. Can sai ya ɗago, fuska duk annuri, ya ce, "Ya'u, Allah ya yi wa Safiyatu albarka! Wannan shi ne girki. Ka ji gishiri daidai wa daida, ka ji laushi. Kai, wasu mazan sun dace."

Ya'u ya daɗe yana taunawa yana nazari. Ya haɗiye ya ce, "Mailafiya, na tsufa ina cin hannun Safiyatu. Mace ce ta gari, ba ni da abin cewa a kanta. Amma wannan ba ita ba ce." Ya jawo kwano mai ja ya buɗe, ya ɗauki ɗanwake ɗaya ya matsa tsakanin yatsu, ya ƙi matsuwa. "Ga matata nan. Ko ido rufe na gane ta."

Kowa ya juya ya dubi Ɗayyabu. Ɗayyabu ya dubi rufin rumfa kamar yau ya fara ganinsa.

Mailafiya yana riƙe da loma a hannu. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Sabulun ne?"

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji Ɗayyabu.

Mailafiya ya dubi lomar. In ya mayar, ya ƙaryata cikinsa a gaban mutane. In ya ci, fushi ya ƙare. Ya juya ta, ya sake juya ta, sa'an nan ya ce, "Ba kyau a wulaƙanta abinci," ya jefa a baki.

Rumfa ta kaure da dariya. Ya'u ya ce, "Ashe dai Angon Kiyashi, dangin amarya sun fi mu sanin daɗi!" Mailafiya ya so ya ɗaure fuska, fuskar ta ƙi, sai ga shi yana dariya har shinkafa ta kusa sarƙe shi. Bai kuma bar kowa ya ƙara sa hannu a kwanon ba.

Ɗayyabu ya koma da gudu. "Yaya, albishirinki! Ya cinye tas. Har yabo ya yi, a gaban jama'a. Ya ce gishiri daidai wa daida."

Ya zaci za ta yi guɗa. Sai ya ga ta yi jugum. "Yabo ya yi?"

"Wallahi."

"To ai yabo na matar maƙwabci ne," ta ce. "Ni ban ji nawa ba tukuna."

Bayan magariba Mailafiya ya shigo, ya zauna a tabarmarsa, ya yi gyaran murya. Ya dubi kaji, ya dubi rumbu, ya ce wa iska, "Ko akwai sauran abin nan?"

Akwai mana, ta ɓoye mai kyau a gindin garwashi. Ta zubo a kwanonta mai ja, ta ajiye a gabansa, ta koma gefe ta tsaya riƙe da ruwan wanke hannu. Ya buɗe. Ya ci. Ya suɗe kwano, ya lashe yatsu ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Ta zuba masa ruwa. Ya yarfe hannu, ya yi hamdala, ya jingina da bango.

"Kwakwar ta yi yawa," ya ce.

Lantana ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji.

"Kifin kuma, 'Yar Ƙauye, an dai nuna wa shinkafar shi daga nesa."

Biyu ke nan.

"Shi ya sa ka bar min kwanon ba sai na wanke ba, Tsoho," ta ce, ta ɗauke kwanon ta shige madafi tana share ido da gefen zane. Ta ce hayaƙi ne. Wutar kuwa ta daɗe da mutuwa.

Juma'ar da ta zagayo ya sa rigar mahaifinsa. Sai da ya kakkaɓe ta sosai, ya duba hammata da aljihu, sa'an nan ya zura. Har yau in rana ta dake ta tana ɗan tashin ƙamshin kwakwa, shi kuwa ya ce turare ne daga Legas.

Tun daga nan shinkafar nan ta zama tambarin Lantana. Daga Malikanchi har Taba, mai biki in ya aiko, sai ya ce a gaya mata har da ta sabulun. Ɗayyabu yana kawo mata curin kwali-kwali, kuma an kafa masa doka kada ya kuskura ya yar da kwalin. In tafiyarsa ta yi nisa, ta sayi kwakwa a kasuwa, ta ɓare, ta kai inji a niƙa mata, ta yi nata. Tana sa shi a kunun shinkafa lokacin azumi. Tana narka shi da mazarƙwailar Tsoho ta yi wata alawa da ba ta kwana a faranti. Shi kuwa ya ce mazarƙwailar ce ta rufa wa alawar asiri. Safiyatu ma ta zo koyo, ta iya daidai gwargwado, ɗanwakenta dai yana nan yadda Ya'u ya san shi.

Sunan kuwa ya ƙi fita, kamar yadda ƙamshin ya ƙi fita daga rigar. Ita ma ta daina yaƙi da shi. Ranar sunan jikarsu Mukarrama gida ya cika, tukwane sun jeru a kan murhu, Lantana ta ci ɗamara tana rabon abinci, gumi na zuba. Maza suna zaure suna jira, Mailafiya a tsakiyarsu cikin farar rigar nan. Sai Ya'u ya leƙo ta bakin zaure ya ɗaga murya yadda har matan ƙuryar ɗaki za su ji.

"A gaya wa Mai Sabulu jama'a sun taru! Wanka za a yi ne ko ci?"

Lantana ko waiwayowa ba ta yi ba, tana cika kwano mai ja har baki.

"Malam Ya'u, kai dai ka miƙo hannu," ta ce. "Duk sabulan kasuwa riga kaɗai suke wankewa. Nawa fushin miji ya wanke tas, kuma ko kumfa bai yi ba."